Katin da Baba Ya Ƙi Ɗauka

Buta. Darduma. Jallabiyya uku da rawani. Rediyon da ya daina magana tun kafin Iya ta rasu. Ledar magunguna. Hoton ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Bahri, gilashinsa a fashe. Kwalin karta ɗaya, nawa.

Abin da muka ɗauko daga gidan Baba na unguwar Hajj Yusuf ke nan. Sauran mun bar wa maƙwabta. Motar hayar da muka hau ta tsaya cik a tsakiyar gadar Shambat, cunkoso gaba da baya, kumsari na ƙyasta yatsu yana karɓar kuɗin mota. Baba na gefen taga, ya rungume butar a cinya.

"Ustaz," ya ce da ni, "kai ma Umdurman za ka?"

"Can za ni, Baba."

"Madalla. Ka yi kama da masu ilimi. Ni ma ina da ɗa mai ilimi, Jatau. Yana Filifin. Ka san Filifin?"

"Na sani."

"Gaba da Sin take. Ruwa ta ko'ina." Ya mai da fuska ga kogi.

Ni ne Jatau. Na tafi ina saurayi ba gemu, na dawo da gemu da tumbi da takardar aikin jinya. Shekarun da ke tsakani na yi su a wani gari da ake kira Dagupan, karatu tukuna, sannan aiki a ɗakin tsofaffi na wani asibiti. Na ga irin ciwon Baba a gadaje da yawa. Sabon abu yake fara ci, tsoho ya bar shi sai ƙarshe. Ba ya komawa baya.

Yayata Kubra na zaune a Umbadda, bayan Kasuwar Libiya, inda mijinta Habibu ke sayar da barguna. Ta share wa Baba ɗakin da ke kallon tsakar gida. Muna shiga ya ce, "Kubra, ba baƙo shayi. Ya taimake ni da kaya."

Ita ya san ta. Ba ta taɓa yin nisan da zai manta ta ba.

Na same ta a madafa tana tuya kisra, siririyar gurasar dawa, tana shafa ƙullun a kan kasko da ɗan ganyen dabino.

"Habibu ya ce an ba ka aiki a Saudiyya," ta ce, ba ta ɗago ba.

"An ba ni. Mutumin ofishin ɗaukar ma'aikata a Khartum fasfo kawai yake jira."

"To me ka tsaya yi? Ka binne Iya ta waya. Baba ma sai ka binne shi ta waya, ai ka saba."

"Yaya, ina so in gwada wani abu tukuna."

"Gwada. Kai ne daktor."

"Ni ba likita ba ne."

"A unguwa daktor muke cewa. Kar ka ƙaryata mu."

Na faɗa mata abin da nake nufi. In Baba zai iya riƙe sabon abu guda ɗaya daga yau zuwa gobe, to akwai sauran wuri a kansa. In akwai wurin, wata rana fuskata za ta shiga, sai in zauna. In babu, zamana da tafiyata duk ɗaya ne a wajensa, kuma magani ba ya sayen kansa.

"A wajensa," ta ce. Ta ɓare kisrar ta jefa a faranti. "To."

Karta na zaɓa, don ita ce abin da ya rage masa cikakke. Baba ya zo Khartum daga gonakin audugar Jazira yana matashi, ya yi aikin ƙarfe a tashar jiragen ruwa har ya tsufa, kuma kowace la'asar ta rayuwarsa ya yi ta a kulob ɗin ma'aikata yana buga konkan. Ya manta yadda ake ɗaura rawani. Amma ka miƙa masa karta, yatsunsa za su buɗe ta kamar mafici, su jera ta, ba tare da ya kalla ba.

Konkan ba za ta gaya mini komai ba, tsohuwa ce a kansa. Sai na ɗauko tongits.

A gidan makoki na koye ta. Mutanen Dagupan kan yi kwanaki da gawa a falo, a kafa rumfa a ƙofar gida, a baza tebura a yi ta karta don kada mamaci ya zauna shi kaɗai. Matar da nake haya a gidanta, Manang Luming, tsohuwa mai shan taba da ɓangaren wutar a cikin baki, ba ta ƙetare makoki ko ɗaya a unguwar, kuma ni take ja in cika mata tebur. Mutum uku ake yi. Kowa na haɗa katunansa uku-uku, ko masu lamba ɗaya ko masu bin juna. Abin da ka haɗa sunansa gida. In juyi ya zo kanka, ko ka ja daga tarin tsakiya, ko ka ɗauki abin da na gabanka ya yar. Amma in ka ɗauki na yarwa, dole ka sauke gidan da ya shiga a fili, nan take, kowa ya gani. Wanda ya fara ƙarar da katunansa ya ci. In tarin tsakiya ya ƙare ba wanda ya fita, a duba wa ya fi ƙarancin nauyi a hannu.

Sai doka ɗaya da ta bambanta ta. Duk wanda aka tashi wasa bai sauke gida ko ɗaya ba, ya ƙone. Ko da hannunsa ya fi na kowa kyau, ba a ma duba shi.

Manang Luming ta ƙone ni har na daina jin haushi. "Sudan," take ce mini, don ba ta taɓa iya sunana ba, "me kake ta kallo a hannunka? Hannunka ba inda za shi. Kalli abin da mutane ke zubarwa." Da na bi maganarta, a shekara ta uku ba mai son zama tebur da ni a unguwar. Mutum ya yar da takwas, ya yar da tara, ka san ba ya gini a nan. Ya riƙe kati ya ɗan jinkirta kafin ya ja, ka san wanda aka yar ya kusa da abin da yake jira. Bayan juyi kaɗan, kamar a buɗe suke riƙe da katunansu.

Doka ɗaya nake so Baba ya riƙe: sauke gida kafin tari ya ƙare.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar katanga bayan la'asar, ni da shi da Kubra. Na yi bayani a hankali, sau biyu. Ya gyaɗa kai.

"Konkan ce ta yara," ya ce. "Raba."

Na raba. Ya buɗe katunansa, ya matse su a ƙirji, ya zama wani mutum. Bayansa ya miƙe. Idonsa ya daina yawo.

Kubra ta sauke gida, na sauke gida. Baba ya ja, ya yar, ya ja, ya yar, bai sauke komai ba. Tari ya ƙare.

"Baba, ka ƙone," na ce.

Ya baza hannunsa. Gida uku cikakku, saura kati ɗaya ya fita gaba ɗaya.

"Ina ƙonewar a nan? Dubi hannu, ustaz. Ka taɓa ganin hannu irin wannan?"

"Ba ka sauke ba. A wannan wasan dole a sauke."

"Sauka ɗai-ɗai aikin matsorata ne. Namiji riƙewa yake, ya buga hamsin."

Hamsin ita ce darajar konkan. Ka ɓoye komai, ka bar abokan wasa suna tsammanin ba ka da ko sisi, sannan ka zubar da hannunka duka a bugu ɗaya. A kulob ɗin Bahri, in an ce Ɗahiru, wato Baba, ya yi shiru, kowa ya san hamsin na tafe. Da ita aka san shi. Tongits kuwa tarinta gajere ne, ba ta ba mutum wannan lokacin.

Washegari na sake bayani. Ya gyaɗa kai, ya ce konkan ce ta yara, ya ce in raba. Ya ƙone. Kashegarinta ma haka. Kowace la'asar sai ya tambayi Kubra wane ne wannan, ta ce Jatau ne, ya yi dariya ya ce Jatau ai siriri ne kamar kara.

"Wannan baƙon naki," ya ce mata wata rana, a gabana, "ba shi da gida ne? Kullum a nan yake cin abinci."

"Yana da gida, Baba. Ba ya son zama a cikinsa ne."

"Allah ya shirya. Raba, ustaz."

Kubra ta iya wasan cikin mako, har ta fara liƙa katunanta a kan gidajen da na sauke tana mini gwalo. Takan tashi tsakiyar wasa ta duba tukunya, ta dawo da hannu na warin albasa. Da safe ita ke wanke zanen gadonsa. Ba ta ce in taya ta ba, na taya ta sau biyu, ta ce ba haka ake matsewa ba.

Mutumin ofishi ya kira. Na ce ya ƙara mini lokaci. Ya ce akwai masu jira a bayana, ya ce bayan Asabar ba ruwansa.

Sai na canza dabara. Bayani ba ya zama a kansa, amma hannu yakan koyi abin da kunne ya kasa. Na ga haka a asibiti. In na sa shi ya sauke gida da hannunsa sau da yawa, wataƙila hannun ya riƙe. Hanyar kuwa tana cikin dokar wasan: wanda ya ɗauki katin yarwa dole ya sauke. Abin da ya rage shi ne in yar masa da katin da ba zai iya ƙi ba.

"Yaya, mu yi musayar wuri."

"Me ya samu wurinka?"

"Rana."

"Rana tana kaina ni ma." Amma ta matsa.

Yanzu ni ne a gabansa, abin da na yar shi yake fara isa gare shi. Karanta Baba ba wuya. Yana jera katunansa manya a dama, kamar yadda ya yi shekara da shekaru, kuma in yana jiran kati, babban yatsansa na shafa gefen inda zai shiga. Na ga ya yar da huɗu, ya yar da tara, yatsa na shafa tsakiya. Na yar masa da bakwai baƙa.

Ya dube ta. Yatsan ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, kallon da bai yi mini ba tun da na dawo.

Ya miƙa hannu ya ja daga tari.

Da aka tashi na ga hannunsa. Biyar da shida baƙaƙe, iri ɗaya da bakwai ɗin, suna zaune suna jiran ta.

"Baba, ga bakwai na yar, me ya sa ba ka ɗauka ba?"

"Na gan ta."

"To?"

"Kifi ma yana ganin tana."

Kubra ta fashe da dariya har ta kife katunanta. Ni ban yi ba. A Dagupan na iya hana mutum katin da yake so har ya tashi daga tebur yana zagi. Ban taɓa tunanin ba mutum kati zai fi wuya ba.

Na gwada washegari, na gwada kashegarinta. Na bar yar da katin da sauri, na fara yin kamar ina shakka, in ɗauko wannan in mayar, in yi tsaki, in yar da shi kamar dole ce ta sa. Ya ƙi. Duk katin da ya yi masa daidai sosai, sai ya ƙi. Waɗanda ba su da amfani ne yake tsayawa ya yi wa kallon sha'awa, don ya ruɗe ni. Bai san ranar da ake ciki ba, amma yana yi mini tarko.

Ranar Alhamis Habibu ya aiko da kankana daga kasuwa. Kubra ta yanka, muka ci, muka goge hannu, na raba.

Hannuna ya zo da shayib uku, tsofaffin nan masu gemu da suka fi kowane kati nauyi. Gida cikakke tun daga rabo. Ban sauke ba, na zauna ina kallo. Baba ya yar da manyan katuna ɗaya bayan ɗaya, amma bai yar da mai zuciya ko ɗaya ba. Yarinya da yaro masu zuciya, katunan da ke bin shayib a girma, ba su fito a ko'ina ba, ba a hannuna, ba a ƙasa, kuma Kubra ba ta riƙe manya, tsoronsu take. Yatsan Baba na can ƙarshen dama yana shafawa. Sauran hannunsa ya daina taɓawa, alamar ya haɗu. Yarinya da yaro yake riƙe da su. Shayib mai zuciya zai cika masa, kuma yana hannuna.

Tari ya yi ƙasa. Ba mai hankalin da zai fasa shayib uku. Na zare mai zuciyar na ajiye a gabansa.

Tsakar gidan ta yi tsit, sai kukan raksha, keke mai ƙafa uku, daga titi. Da wannan katin zai sauke, zai ma fita gaba ɗaya. Ba abin da zai rasa. Na ga hannunsa ya taso, ya nufi katin, ya tsaya a sama da shi.

"Ɗauka, Baba," in ji Kubra a hankali.

"Yi shiru, ba a magana a hannun maza."

Hannun ya wuce, ya ja daga tari. Ya ɗaga katin dab da ido. Sai fuskarsa ta buɗe. Goma ce mai zuciya. Goma, yaro, yarinya. Ya ɗaga hannunsa duka sama ya maka a tabarma har kwanon kankana ya yi tsalle.

"Hamsin!"

Kubra ta rangaɗa guɗa. "Ya sauke! Jatau, ka gani? Ya sauke, ya cinye mu! Ka ce in ya sauke!"

"Ya ci," na ce.

A dokar tongits ma ya ci, wanda ya ƙarar da hannunsa ya ci. Amma ba wasana ya buga ba. Nasa ya buga, na kulob ɗin Bahri, wanda ya iya tun kafin a haife ni, sa'a ce kawai ta zo kafin tari ya ƙare. Ba sabon abu ko ɗaya a ciki. Kubra ta dubi fuskata, guɗar ta mutu a bakinta.

Baba bai gama ba. 'Yan kulob na da al'ada, in an tashi hannu sai a buɗe na kowa a yi sharhi, a ce kai da ka yar da kaza, kai da ka riƙe kaza. Ya miƙo hannu ya buɗe katunana a fili kafin in tattara. Ya baza su da yatsa. Shayib biyu. Ya jawo na ukun daga inda na yar, ya jera su tare.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Kubra."

"Na'am, Baba."

"Mutumin nan shayib uku gare shi. Ya fasa, ya ba ni ɗaya."

"Kuskure ne, Baba."

"Wannan ba ya kuskure. Ina kallonsa tun ɗazu, ya san abin da ke hannuna kamar shi ya haife ni." Ya juyo gare ni. Muryarsa ba ta rawa. "Ustaz, na yi zamani da irinku a Bahri. Su zo da fara'a, su ciyar da kai kati yau, su ciyar da kai gobe, ka ɗauka kai gwani ne. Rago ma ana ba shi dusa kafin Layya. Me kake nema a gidan nan?"

"Ba na neman komai, Baba."

"Kar ka ce mini Baba. Wanda ba ya neman komai ba ya fasa shayib uku."

"Baba, Jatau ne," in ji Kubra. "Ɗanka ne, wallahi. Dube shi da kyau. Dubi tabon goshinsa, ba a tashar jirgi ya faɗi ba, kai ka ɗauke shi?"

Ya duba. Ya duba da gaske, wannan kam na shaida. Na tsaya ban motsa ba, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Har sunan ɗana ya koya miki," ya ce. "Kin ga abin da nake faɗa? Jatau ba ya karta. Ni na hana shi da kaina. Karatu na tura shi."

Gaskiya ne, ya hana ni. Wannan bai manta ba.

Ya dafa katanga ya miƙe. Na kai hannu in tallafe shi, ya janye gwiwar hannunsa. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki butarsa, ya taka zuwa ɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mace ce ke, mijinki na kasuwa wuni guda. Ba a barin irin wannan a tsakar gida. Ba shi kartarsa ya tafi. In Jatau ya dawo zan gaya masa."

Kubra ta tsuguna tana tattara katunan ɗaya-ɗaya, tana goge ruwan kankana da gefen mayafinta. Ta haɗa su, ta sa a kwali, ba ta miƙo mini ba.

"Gobe zai manta," ta ce. "Da safe zai ce a ba baƙo shayi."

"Zai manta."

"To ka sake gwadawa. Ka bar ba shi katin, ka buga kawai. Ko ka buga masa konkan ɗinsa, me zai ci maka? Ka zauna a matsayin baƙon. Baƙo ma yana ɗaga mutum ya kai shi bayi."

Na jawo takalmina. Ta san amsar, ta ajiye kwalin a kan tabarma tsakaninmu, ta ɗauki kwanon kankana.

Baba na tsaye har yanzu, hannu a kan ƙyauren, yana jira ya ga fitata. Na sa takalmi. Na bar kartar a inda take. Da na kai zaure na waiwaya, ya tura ƙyauren, na ji ya ja sakata.

"Yaya," na ce, "ranar Asabar zan kai fasfo."